BAYANI: Mene ne "manyan kayan gida"? Sunaye da rabe-raben firiji, firiza da danginsu a karkarar arewacin Kano

Hausawa na cewa suna linzami ne. Firijin da ke sanyaya lemo da ruwan leda a shagon bakin titi a Dambatta ko Bichi yana da matsayi aƙalla biyar, kuma kowane matsayi yana jan sa zuwa ga wata doka daban. A wurin mai shago jari ne. Hukumar Kwastam ta san shi da lamba 8418, kuma idan na hannu ne, yana cikin jerin kayan da aka haramta shigowa da su Najeriya. Hukumar kare muhalli ta NESREA na lissafa shi cikin kayan lantarkin da za su zama shara mai cutarwa. Masu ƙididdigar talauci na kallonsa a matsayin kadarar da ke iya fitar da gida daga wani layi na rashi. Alƙalin kotun shari'a kuwa, idan aure ya mutu, tambayar da zai fara yi ita ce ko kayan ɗakin mace ne ko na miji.

Wannan bayani ya tattaro waɗannan rabe-rabe wuri guda, tare da kalmomin da ake amfani da su a kasuwa da abin da kowace ke nufi.

Yankin da ake magana a kai

Ƙasar da ta kewaye birnin Kano, musamman ta arewa da gabas, wato Dawakin Tofa, Minjibir, Gezawa, Gabasawa har zuwa Bichi, Makoda da Dambatta, tana cikin karkara mafi cunkoson jama'a a Afirka ta Yamma. Gona na gogar gona, ana nome su duk shekara da takin gida. Masanin labarin ƙasa Michael Mortimore ya fara nazarin yankin tun shekarun 1960, lokacin yana Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, kuma ya nuna cewa noma kaɗai ba ya riƙe gida a nan, sai an haɗa da sana'a. Wannan ne ya sa babbar na'ura a gidan karkarar Kano ba ta cika zama kayan more rayuwa zalla ba. Firizar da ke tsakar gida ita ce kuma masana'antar ƙanƙara da zoɓo da kunun aya ta matar gidan.

Yadda kasuwar duniya ta raba su, da yadda Bahaushe ya raba

'Yan kasuwar Ingila da Amurka suna kiran manyan na'urorin gida "fararen kaya", saboda farin fentin tangaram da aka saba lulluɓe su da shi a tsakiyar ƙarni na 20. Rukunin ya ƙunshi firiji, firiza, injin wanki, injin wanke kwanuka, murhun girki mai gidan gashi, hitar ruwan wanka da na'urar sanyaya ɗaki. Rediyo da talabijin, waɗanda a da ake saka su cikin akwatin katako, su ne "kaya masu ruwan ƙasa". Dutsen guga, bilanda da butar lantarki kuwa ƙananan kayan gida ne. Abin da ya haɗa manyan shi ne nauyi, da zama wuri guda, da daɗewa ana amfani da su.

Hausa ba ta bin launi. A kasuwar Sabon Gari da shagunan titin France Road a Kano, inda yawancin dillalan ƙananan hukumomi ke saro kaya, duk abin da ake jona wa soket "kayan wuta" ne, daga kwan fitila har firiza. A cikin gida kuma ana duba asalin abu da amfaninsa. Akwai kayan ɗaki, waɗanda iyayen amarya ke kai mata. Akwai kayan kicin. Akwai kuma kayan sana'a, kamar keken ɗinki, injin markaɗe da injin ban ruwan da manoman rani ke amfani da shi a gefen madatsun Tomas da Watari. Waɗannan na ƙarshe su ne manyan na'urorin da suka fi yawa a ƙauye, amma ko ɗaya daga cikinsu ba ya cikin jerin fararen kaya.

Kasuwa tana kuma raba kaya bisa tarihinsu. "Sabo a kwali" shi ne wanda ba a taɓa amfani da shi ba. "Beljiyam", "kwatano" ko "tokumbo" shi ne wanda aka yi amfani da shi a ƙasar waje. "Na hannu" kan nufi wanda aka yi amfani da shi a nan gida. Akwai kuma "haɗi", wato gangar jikin wani kamfani da aka saka wa kwamfuresar wani, aka sake masa fenti.

Iyalai huɗu na manyan kayan gida

*Masu adana abinci.* Firiji yana sanyayawa, kusan digiri 2 zuwa 8 a ma'aunin Salshiyas. Firiza tana daskararwa, har zuwa digiri 18 ƙasa da sifiri. Firiza iri biyu ce: ta tsaye mai ƙofa, da ta kwance mai murfi a sama. Iska mai sanyi ta fi mai zafi nauyi, don haka idan aka buɗe ta tsaye sanyin kan zubo waje, ta kwance kuwa sanyinta na zaune a ƙasa kamar ruwa a randa. Shi ya sa ta kwance ta fi riƙe ƙanƙara bayan an ɗauke wuta, kuma ita masu sana'a suka fi nema. Firiji mai ƙofar gilashi na shaguna sanyaya lemo kawai yake yi, ba ya daskarar da komai. Firijin da ake tallatawa da cewa ba ya tara ƙanƙara yana da fanka da ƙaramar hita a ciki masu narkar da ita, kuma su ma suna cin wuta.

Akwai firijin da ba ya bukatar wutar kamfani. Tsofaffin ɗakunan shan magani sun yi amfani da mai aiki da kananzir. Yanzu asibitocin matakin farko da dama na adana allurar rigakafi a firijin sola da ke karɓar wuta kai tsaye daga faranti ba tare da batir ba. Kafin su duka akwai randa da tulu. Malami Mohammed Bah Abba na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jigawa ya samu lambar yabo ta Rolex a 2000 saboda yaɗa dabarar saka tukunya cikin tukunya, da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, don tsawaita rayuwar tumatir da gauta da ganye.

*Masu girki.* Murhun duwatsu uku, kurfoti na gawayi, risho na kananzir, kukar gas ta kan tebur, da doguwar kuka mai gidan gashi. A ƙa'idar kasuwa, ta ƙarshen ce kawai babban kayan gida. Tukunyar gas ana auna ta da kilo, kuma waɗanda suka fi yawo su ne masu kilo 3, 6 da 12.5.

*Masu wanki.* Kilon da aka rubuta a jikin injin wanki nauyin busassun tufafi ne. Mai baho biyu, ɗaya na wanki ɗaya na matsa, ana iya cika shi da bokiti, don haka yana iya aiki a gidan da ake ɗebo ruwa daga rijiya. Mai sarrafa kansa yana son famfo mai ƙarfi da wuta mara yankewa.

*Masu sanyaya ɗaki.* Fanka tana kaɗa iska ne kawai. Kula mai shan ruwa tana sanyayawa ta hanyar tururin ruwa, kamar randa, shi ya sa take aiki da bazara kuma take rasa ƙarfi da damina. Esi ce kaɗai mai kwamfuresa. A Najeriya ana sayar da ita da "ƙarfin doki": doki ɗaya ya yi daidai da kusan BTU 9,000 a awa, ɗaya da rabi 12,000, biyu kuma 18,000. Adadin BTU shi ne ainihin ma'aunin sanyi, dokin kuwa al'adar kasuwa ce.

Kalma ɗaya da ke rikita masu saye ita ce "inbata". A tsarin sola, inbata akwati ne da ke juya wutar batir ta koma irin ta soket. A jikin firiji ko esi kuwa, kalmar na nufin kwamfuresar da ke ƙara gudu ko ragewa gwargwadon bukata, maimakon ta riƙa kamawa da mutuwa. Irin wannan firiji ba ya fizgar wuta da yawa lokacin tashi, abin da ya sa ya dace da sola, amma ba ya ajiye wuta a cikinsa. Idan aka ɗauke, shi ma ya tsaya.

Takardar da ke manne a bayan firiji

Kowane firiji na asali yana da ƙaramar takarda a baya ko a ciki. Abu mafi muhimmanci a kanta ga mutumin Kano shi ne harafin yanayi, wanda ke nuna iyakar zafin ɗakin da na'urar za ta iya jurewa. SN da N suna tsayawa a digiri 32. ST yana kaiwa 38. T shi ne na ƙasashe masu zafi, yana kaiwa 43. A watannin Maris zuwa Mayu zafin rana a Kano kan kusanci 40 ko ya wuce, kuma shago mai rufin kwano ya fi waje zafi. Tsofaffin firijin Turai da yawa an ƙera su ne don matakin N ko SN. A bazara kwamfuresarsu ba ta samun hutu, sai ta ci wuta fiye da ƙima, daga baya ta ƙone. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, amma mai sayen wannan firiji galibi ba a gaya masa komai ba.

Taurari ma iri biyu ne. Waɗanda ke ƙofar sashen daskararwa suna nuna sanyi: tauraro ɗaya digiri 6 ƙasa da sifiri, biyu 12, uku 18, huɗu kuma na nufin sashen zai iya daskarar da ɗanyen abinci daga farko. Waɗanda ke kan takardar shaidar makamashi ta hukumar SON kuwa suna nuna tsimin wuta ne. A kan irin wannan takarda akwai adadin kilowat-awa da na'ura ke ci a shekara. Firijin da aka rubuta wa 365 yana cin kilowat-awa ɗaya a rana, abin da farantin sola mai wat 300 zai iya samarwa a ranar Kano, idan akwai batirin da zai riƙe shi da dare.

Sai nau'in gas. R12 shi ne tsohon da ke lalata rufin ozon na sararin samaniya, kuma ƙarƙashin Yarjejeniyar Montreal ta 1987 wa'adin daina shi a ƙasashe masu tasowa ya cika a 2010. R134a ya gaje shi, amma shi ma yana ɗumama duniya, kuma gyaran Kigali na 2016, wanda Najeriya ta amince da shi, ya tanadi rage shi a hankali. Sababbin firiji yawancinsu R600a ne, wanda ba ya wannan illa amma yana kamawa da wuta. Mai gyaran da ya kusantar da harshen wuta ga bututun irin wannan firiji ba tare da ya fitar da gas ɗin ba yana wasa da ransa. Takardar tana kuma nuna ƙarfin wuta. Najeriya na kan bolt 230, kayan Amurka kuwa na 120 ne.

Rabon Kwastam

A iyaka ba a san "kayan wuta" ba. Ana bin tsarin lambobi na Ƙungiyar Kwastam ta Duniya, wanda ya fara aiki a 1988. Firiji da firiza suna ƙarƙashin 8418, esi 8415, fanka 8414, injin wanki 8450, keken ɗinki 8452, famfon ruwa 8413, talabijin 8528. Kuka ta rabu gida biyu: mai lantarki tana 8516 tare da dutsen guga, mai gas kuma tana 7321 cikin kayan ƙarfe. Lambar ce ke yanke haraji. Tsarin harajin bai-ɗaya na ECOWAS, da aka fara aiki da shi a 2015, yana da matakai biyar: kashi 0, 5, 10, 20 da 35 cikin ɗari, kuma matakin 20 shi ne aka ware wa kammalallun kayan masarufi. Tazarar da ke tsakanin matakan ce ke sa sauya wa kaya suna a takarda ya zama hanyar kauce wa haraji.

Jerin haramci na Hukumar Kwastam ta Najeriya ya ambaci tsofaffin firiji da firiza, tsofaffin esi da tsofaffin kwamfuresa ƙarara. Duk da haka suna cike da kasuwanni. Wani bincike da Jami'ar Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi tare da cibiyar Yarjejeniyar Basel ta Afirka a tashoshin ruwan Legas a 2015 da 2016 ya gano cewa kusan tan 60,000 na tsofaffin kayan lantarki na shigowa a shekara. Kusan kashi 70 cikin ɗari an cusa su ne cikin tsofaffin motoci, kuma fiye da kashi uku cikin huɗu sun taso ne daga tashoshin Tarayyar Turai. Wani kaso mai yawa ya iso a mace. Wanda ya sayi irin wannan kaya ba shi da garanti, kuma da wuya ya samu inda zai kai ƙara.

Rabon masu wuta

Tun 2020 hukumar NERC ta raba masu amfani da lantarki rukuni biyar bisa awannin da aka yi musu alkawari a rana: Rukunin A awa 20, B 16, C 12, D 8, E kuma 4. Kamfanin KEDCO ne ke raba wuta a Kano, Katsina da Jigawa tun 2013. A watan Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin Rukunin A zuwa naira 225 kan kowane kilowat-awa, aka bar sauran. Layukan karkara ba safai suke saman wannan jeri ba, kuma awa huɗu ko takwas a rana, a yanyanke, ba sa tabbatar da cewa nama ko kifi zai kwana lafiya a firiji.

Bankin Duniya yana da nasa ma'auni na matakai, wanda ya fitar a 2015, kuma yana auna wuta da irin na'urar da za ta iya ɗauka. Mataki na 1 fitila ce da cajin waya. Na 2, daga wat 50, ya ƙara talabijin da fanka. Na 3, daga wat 200, shi ne na firiji, firiza da famfon ruwa. Na 4, daga wat 800, ya kai injin wanki da dutsen guga. Na 5, daga wat 2,000, shi ne na esi da kukar lantarki. Wannan ma'auni ne ya kamata a riƙa ɗauko wa duk ɗan siyasar da ya ce ya "kai wuta" wani ƙauye. Rabon ƙananan fitilun sola mataki na 1 ne ko na 2. Sana'ar ƙanƙara da adana tumatir da nono ba sa farawa sai a na 3. Haka ma za a auna shirin DARES na dala miliyan 750 da Bankin Duniya ya amince da shi a Disambar 2023, wanda hukumar samar da wuta a karkara ta REA ke gudanarwa.

Rabon masu ƙididdigar talauci

A Nuwambar 2022 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, NBS, ta ce mutum miliyan 133, kashi 63 cikin ɗari na 'yan Najeriya, suna cikin talauci ta fuskoki da dama, kuma Kano ce ta fi kowace jiha yawansu. Ɗaya daga cikin ma'aunai 15 na rahoton shi ne kadarori. A tsarin duniya da aka gina shi a kai, ana duba rediyo, talabijin, waya, kwamfuta, amalanken dabbobi, keke, babur da firiji, kuma gidan da ba shi da fiye da ɗaya, ba shi kuma da mota, shi ne mai rashi. A wannan lissafi firiji da rediyo darajarsu ɗaya. Injin niƙa da injin ban ruwa ba sa ciki. Samun lantarki ma ba ya cikin ma'aunai 15 na Najeriya, don haka firijin auren da ya shekara biyu bai ga wuta ba, har ya koma ma'ajiyar kwanuka, yana iya shiga takarda a matsayin kadara. Irin waɗannan tambayoyi na mallaka suna cikin abubuwan da ake dubawa wajen jera gidaje a rajistar tallafi.

A gaban alƙali

A fikihun Malikiyya, wanda kotunan shari'a na Kano ke bi, abin da iyaye suka mallaka wa 'yarsu na kayan ɗaki nata ne. Idan miji da mata suka yi jayayya kan kayan gida kuma babu hujja, ƙa'idar da ke cikin Mukhtasar na Shehu Khalil ita ce a duba al'ada: abin da aka san na mata ne a ba matar bayan rantsuwa, abin da aka san na maza ne ko na kowa da kowa a ba mijin bayan rantsuwa. Tasoshi da kayan ado ba su da wahalar rabo. Firiza da janareta da farantin sola sababbin shiga ne, kuma mata da maza duk suna saye. Matar da ta sayi firiza da kuɗin adashinta tana bukatar rasiti mai ɗauke da sunanta, ko shaidun da suka san yadda aka saya. Haka ake bukata a rabon gado.

Bayan ta mutu

Tarayyar Turai, a dokarta ta sharar lantarki, ta fara da rukuni goma, manyan kayan gida a kan gaba. Daga 2018 ta koma shida, ta ware duk na'ura mai gas ɗin sanyi a rukuni na musamman, ta kuma sa santimita 50 a matsayin iyaka tsakanin babba da ƙarami. A Najeriya, NESREA ta fitar da dokar kayan lantarki a 2011, ta sabunta ta a 2022, tare da ɗora wa masu ƙerawa da masu shigowa nauyin kayansu bayan sun lalace. A aikace, matacciyar firiza a Makoda tana ƙarewa ne a hannun 'yan jari-bola, waɗanda ke cire tagulla da alminiyam, su bar gas ya bi iska, wani lokaci a ƙona roba da soson jikinta kusa da gidaje da gonaki.

Abin da mai saye zai duba

Harafin T ko ST a takardar baya. Bolt 220 zuwa 240. Nau'in gas, kuma R12 alama ce ta tsufa ƙwarai. Litar da za a iya amfani da ita, domin wasu kamfanoni na tallata jimillar girman akwatin ne. Adadin kilowat-awa a shekara, a gwada shi da wutar da ake samu a gari. Rasiti mai suna da lambar na'ura, da takardar garanti. Dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018 ta ba mai saye damar mayar da kaya mai aibi, kuma ana iya kai ƙorafi ga hukumar FCCPC ko Hukumar Kare Haƙƙin Masu Saye ta Jihar Kano. Araha ba ta ado, kuma a sha'anin firiji, kuɗin da aka rage a shago kan fita daga baya a gyara da man janareta.